Darasi na Goma Sha Ɗaya: Ajiyar Tufafin Ulu da Tsare Su Daga Asu

Idan hunturu ya juya baya, wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, iskar arewa maso gabas ta daina watsa ƙura, gumi kuma ya fara karyo wa mutane tun da hantsi, al'adar yawancin gidaje ita ce a tattara rigunan sanyi da barguna da hulunan yara, a cusa su cikin adaka ko a ƙulle su a tsohon zane a tura ƙarƙashin gado, ba kuwa mai sake tunawa da su sai ɗari ya dawo a watan Nuwamba. A tsakanin wannan da wancan akwai wata takwas ko tara, da bazara da damina da kaka duk a ciki, kuma a cikin wannan dogon zama ne ɓarna take aukuwa, ta yadda ranar da aka kwance ƙunshin sai a tarar da suwaitar maigida ta huhhuje a hammata da wuya, bargo ya yi sanƙo a wurare, wani gari mai kama da rairayi yana zubowa daga ninkin. Abin da kowa yake cewa a ranar shi ne asu ya ci, kamar dai wata ƙaddara ce da ba ta da makawa. Maƙasudin wannan darasi shi ne a nuna cewa wannan asara tana da sababi sananne, kuma mafi yawan maganinta ana yin sa ne a ranar da za a ajiye tufafin, tun kafin a rufe adaka.

Ya kamata mu fara da sanin ulu kansa, domin ba kowace rigar sanyi ce ta ulu ba. Ulu gashin tumaki ne da ake sausayewa, a wanke, a kaɗa shi ya zama zare, kuma yana cikin ni'imomin da Alƙur'ani mai girma ya ambata a Suratun Nahli, inda aka lissafa amfanin da ɗan Adam yake samu daga gashin dabbobin ni'ima. Tumakinmu na nan, wato Balami da Uda da 'Yankasa, gashinsu gajere ne mai kauri wanda ba ya kaɗuwa, saboda haka ulun da ke hannunmu kusan dukkansa baƙo ne. Mafi laushinsa na tumakin Marino ne, waɗanda asalinsu ƙasar Sifen ce amma a yau Ostireliya ta fi kowa kiwonsu. A Afirka ta Yamma kuwa Fulanin Masina, a ƙasar Mali, su ne suke da tumakin ulu, kuma da shi suke saƙa bargunan nan masu nauyi da fatake suka daɗe suna kawowa kasuwanninmu. Ban da suwaita da bargo, ulu yana cikin hular dara, da mulufi, da wasu alkyabbu, da kwat irin ta Turawa, da dardumomi masu tsada.

Amma tun wajen 1950, lokacin da masana'antu suka fara fitar da zaren roba da ake kira akirilik, kasuwa ta cika da rigunan sanyi masu kama da ulu a ido alhali ba su haɗa komai da tunkiya ba. Wanda yake son ya rarrabe, in takardar da ke wuyan rigar ta goge ko ba ya iya karanta ta, sai ya zaro ɗan zare daga cikin ɗinki ya kusantar da shi ga ashana. In ulu ne zai yi ƙauri irin na gashi, wutar ta mutu da kanta, ya bar baƙin toka da ke murƙushewa tsakanin yatsu. In roba ce za ta narke, ta dunƙule ta yi tauri. Wannan rarrabewa tana da fa'ida, domin asu ba ya iya narkar da roba ko auduga zalla, ko da yake yakan ci saƙar da aka gauraya ulu da roba a cikinta.

To, mene ne asu? Mutane da yawa suna zaton shi ne ƙwaron nan mai fiffike da ke kewaya fitila da dare, sai su bi shi da mafici suna ganin sun yi jihadi, alhali kuwa wancan ba ruwansa da tufafi. Asu na haƙiƙa ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai wuce milimita 6 zuwa 8 ba, launinsa ruwan ƙasa mai haske kamar busasshen kara, yana ƙin haske, ya fi son lungu da duhu, kuma macensa ta fi yawan gudu da ƙafa bisa tashi sama. Abin mamaki a sha'aninsa shi ne, bayan ya yi fiffike ba ya cin komai har ya mutu, gama bakinsa bai cika halitta ba, kuma ba abin da ya rage masa a 'yan makonnin rayuwarsa sai barbara da ƙwai. Macen takan sa ƙwai kamar 40 zuwa 50, farare, kowanne bai kai milimita ɗaya ba, ta manna su can cikin saƙa inda ido ba ya kai wa. A lokacin zafi sukan ƙyanƙyashe cikin kwana 4 zuwa 10, su fito da wata farar tsutsa mai jan kai, kuma wannan tsutsa ita ce mai ɓarnar duka. Takan yi kamar wata ɗaya ko biyu tana ci in ta sami ɗumi da laima da abinci, in kuwa hali ya tsananta tana iya yin likimo ta kai shekara biyu ba ta rikiɗa ba, sa'an nan ta saƙa wa kanta gida, ta kwanta, ta fito da fiffike, al'amari ya sake komawa farko. Saboda haka adakar da aka rufe a Maris da ƙwai kaɗan a ciki tana iya ganin zuriya biyu ko uku kafin Nuwamba.

Abincin wannan tsutsa wani sinadari ne da masana suke kira keratin, wanda shi ne asalin gashi da farce da ƙaho da kofato da gashin tsuntsu, kuma halittu ƙalilan ne Allah ya hore wa ikon narkar da shi. Daga nan mai hankali zai gane cewa ba a adaka kaɗai asu yake zaune ba. Yana cikin buzun da malam yake zama a kai, da fatar ragon Layya da aka shanya aka manta da ita a zaure, da mafici na gashin jimina, da sheƙar tsuntsaye a cikin rufi, har da mushen ɓera a bayan buhuna. Yakan kuma taɓa alharini da aikin tsamiya na manyan riguna. Iri biyu na tsutsar asu ne suka fi shahara: ɗaya tana shimfiɗa farin zare kamar yana a kan tufa tana ci a ƙarƙashinsa, ɗaya kuwa tana yin ɗan kwanso mai girman ƙwayar shinkafa tana jan sa duk inda za ta. Wanda ya ga ɗayan waɗannan alamu biyu, tare da ɗan garin nan mai launin rigar, wanda kashin tsutsar ne, to ya tabbata asu ne, ba gara ko kyankyaso ko gyare ba, domin su ma suna ɓata tufafi amma hukuncinsu dabam.

A nan ne muka iso ga mas'alar da ta fi kowace nauyi a wannan darasi, ina kuma roƙon mai karatu ya tsaya a kanta. Ulu tsabtatacce bai ishi ƙaramar tsutsa abinci ba, domin tana bukatar gishiri da wasu sinadarai da ba ta samunsu sai a cikin gumi, da maiƙon jiki, da ɗigon miya ko shayi ko madara, da fitsarin yara. Ba ta kuma shan ruwa, daga damshin tufar take samun abin da ke rayar da ita. Wannan shi ne dalilin da ya sa hujin asu bai cika fitowa a tsakiyar baya ba, sai a wuya da hammata da bakin hannu da ƙirji, wato daidai wuraren da jiki ya fi shafa ko abinci ya fi ɗiga. Mutum yakan dubi suwaitarsa ya ce ai sau biyu kaɗai na sa ta, ba ta yi dauɗa ba, ya ninke ta ya ajiye. Amma dauɗar da ta ishi asu ba ta kai wadda ido yake gani ba. Ƙa'ida ta farko ke nan, kuma ba ta da togiya: duk tufar ulun da ta taɓa jiki, ko sau ɗaya ne, wajibi ne a wanke ta kafin a ajiye ta ajiyar shekara.

Sai dai wankin ulu yana da ladubbansa, wanda ya saɓa musu kuwa zai yi wa rigarsa abin da asu bai yi mata ba. Kowane silin ulu yana lulluɓe da wasu ƙananan ɓawo masu hawa kan juna, waɗanda in suka haɗu da ruwan zafi da cuɗa mai ƙarfi sai su sarƙe, rigar ta tsuke ta yi tauri, har ta babba ta koma ta yaro, kuma ba ta sake komawa yadda take har abada. Saboda haka a sami ruwa mai ɗan ɗumi wanda bai fi ɗumin jiki ba, a narkar da sabulu mai laushi a ciki tukuna, ko sabulun wanke gashi in babu wani, sa'an nan a juya rigar ciki waje a tsoma ta, a bar ta ta jiƙa kamar minti 10, a riƙa danna ta da tafin hannu a hankali. Kada a cuɗa, kada a buga a kan dutse, kada a murɗa. A guji sabulun da ke da kaifin toka ko kanwa, a guji garin sabulu mai ƙarfi, ruwan bilic kuwa narkar da ulu yake yi ɗungum. Ruwan ɗauraya ya zama ɗuminsa ɗaya da na wankin. In an gama a shimfiɗa rigar a kan tawul, a naɗe su tare a danna ruwan ya fita, a shanya ta a kwance bisa tabarma a inuwa inda iska ke ratsawa, gama in aka rataya ta a igiya nauyin ruwa zai ja ta ta zube, kafaɗunta su lalace. Kwat da alkyabba da dara ba a sa su a ruwa a gida, sai a kai wa masu wankin zamani da ba sa amfani da ruwa, wanda shi ma yana kashe ƙwai da tsutsa.

Bushewa kuma tana da yaudara. Ulu yana iya riƙe ruwa kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa hannu bai ji jiƙa ba, don haka rigar da aka taɓa aka ce ta bushe a ƙara mata yini guda. Sa'armu ita ce lokacin ajiyar ya faɗo daidai da watannin da iska ta fi bushewa a shekara.

Abin da ba ya wankuwa, ko wanda ake tuhumar ƙwai a cikinsa, sai a yi masa maganin zafi ko na sanyi. Zafin da ya haura digiri 50 a ma'aunin Salsiyos, in ya ratsa tufa na rabin sa'a, yana kashe asu a kowane matakin rayuwarsa, kuma mu da muke zaune inda zafin inuwa yake wuce digiri 40 a watan Afrilu, kamar Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ba mu da uzurin rasa wannan magani. A sa busasshiyar tufa cikin baƙar leda, kada a cika ta, a ɗaure baki, a ɗora a kan kwanon rufi ko siminti daga hantsi zuwa la'asar, a juya ta sau ɗaya da azahar. Ledar tana tara zafi, tana kuma tsare launin rigar daga ƙoɗewa. Bayan haka a fitar, a kakkaɓe, a bi ɗinki da aljihu da ƙarƙashin wuya da buroshi, domin ƙwan asu ba shi da ƙwari, goga kaɗan take fasa shi. Wanda yake da firiza mai kai wa digiri 18 ƙasa da sifili yana iya ƙulle tufar a leda ya bar ta ciki mako guda, da sharaɗin wutar lantarki ba ta yanke ba. A inda wuta take zuwa tana tafiya kuwa, ni a ganina rana ta fi zama abin dogaro. Wannan hukunci ya hau kan kayan gwanjo tun ranar da aka sayo su, ko daga Ƙofar Wambai a Kano ko daga wace kasuwa, domin dilar da ta yi watanni a ɗaure, tufafin gidaje dabam-dabam suna matse da juna, ba a san abin da ta ƙunsa ba, kuma kuskure ne a haɗa sabuwar shigowa da kayan gida kafin ta sha wanki da rana.

Sa'an nan sai mazubi. Adakar ƙarfe mai murfi da ke kamawa sosai, ko robar ajiya mai murfi, ko leda mai kauri marar huji, duk suna yi, muddin an share su, an goge lungunansu, an shanya su a rana kafin a zuba kaya. Kwali da buhu da ƙunshin zane ba sa tsare komai, gama tsutsar da ta fito daga ƙwai tana iya ratsa kafar da allura za ta shiga, Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. In murfin adaka ya yi sako-sako a liƙe kewayensa da salatif. A ninke suwaita, kada a rataya ta, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, a shimfiɗa tsohon farin zanen auduga wankakke tsakaninsu in ana so. A ɗora adakar bisa katako ko duwatsu, nesa da bango, saboda damshin damina da gara, domin laimar Yuli da Agusta ita ce asu ya fi so, ita ce kuma take kawo fumfuna.

Na san da yawa za su ce, ina batun kafur, wanda iyayenmu ba sa rufe adaka sai da shi? Kafur na asali daga wani itace na ƙasashen Sin da Japan ake samunsa, amma fararen dunƙulen da ake sayarwa a kasuwa da wannan suna mafi yawansu naftalin ne, wanda ake cirowa daga kwaltar kwal ko daga man fetur, ko kuma wani sinadari makamancinsa. Gaskiya ne tururinsa yana kashe asu, amma sai in ya taru da yawa a mazubin da ba ya shan iska. Ƙwaya biyu da aka jefa cikin kabad da ake buɗewa safe da yamma ba abin da suke yi sai wari. Illarsa kuwa babba ce. Akwai wani rauni na gado a jajayen ƙwayoyin jini, wanda likitoci suke kira rashin G6PD, ya yawaita a Afirka ta Yamma musamman a cikin maza, kuma mai shi yakan rayu bai san yana da shi ba. In irin wannan mutum ya shaƙi naftalin ko ya shiga jikinsa ta fata, jininsa yana iya farfashewa. Jarirai sun fi kowa shiga haɗari, domin an sha ganin jinjirin da aka naɗe da kayan da suka kwana cikin kafur ya kamu da shawara mai tsanani, idonsa da jikinsa su yi rawaya, wadda in ba a gaggauta kai shi asibiti ba tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ga kuma yara masu rarrafe da suke ɗaukarsa alewa. Saboda irin waɗannan dalilai ne Tarayyar Turai ta hana sayar da shi a matsayin maganin asu tun 2008. Shawarata ita ce kada kafur ya kusanci kayan jarirai da na mai jego ko kaɗan. Wanda ya ga lalle sai ya sa a kayan manya, to ya ƙunshe shi a takarda ya ɗora a saman kayan, gama tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake sauka. Ya rufe adakar ruf, ya ajiye ta a ɗakin da ba a kwana, in ya buɗe kuma ya shanya tufafin a iska har warin ya fita sarai.

Busasshen ganyen darbejiya, wato dogon yaro, da kanumfari da aka ƙulle a ɗan ƙyalle sun fi aminci, kuma warinsu yakan rage wa macen asu sha'awar wurin. Sai dai a san iyakarsu: ba sa kashe ƙwan da ya riga ya shiga, ƙarfinsu kuma yana raguwa bayan 'yan watanni, ɗanyen ganye kuwa tabo da fumfuna yake jawowa. Mataimaka ne ga wanki da rufewa, ba sa tsayawa a madadinsu.

Kada a bar adaka tun Maris har Nuwamba ba a leƙa ba. A zaɓi rana mai haske a tsakiyar damina, da wata kuma a farkon kaka, a fitar da kayan a warware ninki, a ɗaga kowace riga sama ta fuskar haske a duba. In an ga huji ko yana ko kwanso, a ware wannan rigar nan take, a maimaita wa dukan abin da ke cikin adakar maganin rana, a wanke adakar kanta, a kuma bincika ɗakin ko akwai buzu ko fata ko sheƙa da ke ciyar da su. Hujin da aka samu a ɗinke shi kafin a sake sa rigar, domin saƙa in ido ɗaya ya tsinke sauran bin sa suke yi: a sami zaren ulu mai launinta, a fara kama idanun da suka saki a kewayen hujin, sa'an nan a jera zare a tsaye, a ratsa shi da wani a kwance, sama da ƙasa, ba tare da an ja ya tattare ba.

Kafin zama mai zuwa, kowane ɗalibi ya zo da rigar sanyi ko hula ɗaya daga gidansa. Za mu gwada zarenta da ashana a gaban aji mu rarrabe ulu da roba, mu duba wuyanta da hammatarta, sa'an nan kowa ya rubuta da hannunsa, cikin jimla biyar, matakan da zai bi tun daga wanki har zuwa rufe adaka, ya kuma bayyana dalilin da ya sa ba a sa kafur a kayan jariri.